Juyi Sittin na Mai-Sitiyari

Shekara ashirin da shida babanmu ya yi a gidan ruwa, kuma har ya bar aiki bai wuce mai kula da bawul ba. Bawul ɗin ƙofa ce ta ƙarfe a cikin babban bututun da ke sauko da ruwa daga tankin kan tudu. Da wani zagayayyen ƙarfe ake buɗe ta a rufe ta, ma'aikata na ce masa sitiyari. Shi ya sa har a unguwa Mai-Sitiyari ake kiran Baba, alhali ko keke bai iya ba.

Rufewar juyi sittin take ci. Yakan yi biyu ya tsaya, ya ɗora tafin hannu a kan bututun, ya zuba wa allurar agogon awon ƙarfin ruwa da ke jikin bututun ido har ta daina rawa. Cewa yake ruwan da ke gudu a bututu nauyin tirela gare shi. In ka tare shi lokaci guda, sai ya daki ƙofar ya koma da baya, ya nemi inda ƙarfe ya tsufa ya fasa. Inda ya fi tsufa kuwa, shi ne wanda ya ratsa ta ƙarƙashin azuzuwan firamare.

Abin da zan faɗa, rabi daga bakin Umma na ji shi, rabi daga bakin Baffa, ƙanen Baba.

Wata Talata da hantsi wani reshen bututu ya fashe a layinmu, daidai bayan ɗakin Kaka, mahaifiyarsu. Ginin na ƙasa ne, ita kuma shekara biyu ke nan ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Aka kira Baba a waya, ya fara rufewa. Yana juyi na goma sha takwas Baffa ya faɗo ɗakin bawul, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Yaya, ruwa ya shiga ɗakin Inna! Bango ya fara zubowa!"

"Wa ke wurinta?"

"Matarka tana waje tana kuka. Ƙofa ta cije, ta ƙi buɗuwa."

"To me ya kawo ka nan? Koma ka ɓalle ta."

"In koma, kai kana nan kana shafa bututu kamar mai lallashin jinjiri? Murɗa abin nan ka gama mana!"

Baba ya yi biyu, ya tsaya. Baffa bai san lokacin da ya cafki sitiyarin ba, ya murɗa shi huɗu a jere da duk ƙarfinsa. Bututun ya yi gum! Siminti ya girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsu, allura ta tsallaka cikin jan zanen haɗari. Baba ya bangaje shi da kafaɗa har ya bugi bango. Tun da suka tashi bai taɓa sa masa hannu ba sai ranar.

"Yara na cikin aji a kan bututun nan yanzu," in ji Baba.

"Uwarka fa?"

"Uwata ce. Tafi, don Allah."

Baffa ya ce, da ya waiwaya daga bakin ƙofa, ya ga Baba ya mayar da juyi ɗaya baya, hawaye na bin gemunsa, leɓensa na ƙirga.

Sauran ya ci minti ashirin, don juyin ƙarshe su suka fi son haƙuri. Bututun makarantar bai fashe ba. Baba ya sheƙo gida da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya tarar bangon baya ya kwanta a kan gadon Kaka. Umma da matan maƙwabta sun fasa ƙofar da taɓarya, Baffa ya shiga ya goyo ta, amma wani ɓangaren bangon ya same ta a ƙugu kafin su fito. Daga ranar ko zama ba ta ƙara yi da kanta ba, kuma Baffa ya shekara bai sa hannu a kwano ɗaya da yayansa ba.

A ranar dai, an kwantar da Kaka a tabarma a bakin titi, zaninta duk laka. Baba ya durƙusa a gefenta. Ta daɗe tana dubansa.

"Ka rufe?"

"Na rufe, Inna."

"To ɗauke ni daga ranar nan. A hankali, kai, ƙuguna."