Kanyar Bakin Teku

Daga Germantown

Muna sallame sallar asuba muka shiga mota za mu yawon ganin teku, ni da Hajiya Talatu da autanmu Kabiru, injiniya a nan jihar Maryland ta Amurka. Matarsa Rukayya ba ta bi mu ba, cikinta ya tsufa. Saboda haihuwarta aka ɗauko mu daga Gwarzo, amma Hajiya ta riga ta ɗaure kayanta. Ta ce ba za ta ƙara wata a ƙasar da ba ta san sunan bishiya ko ɗaya ba. Na ce idan na nuna mata wadda ta sani fa? Ta ce to, za ta zauna har a yi suna. A aji uku na tsaya, amma wajen cika baki na fi farfesa.

Gadar Chesapeake

Da hantsi muka hau gadar. Ta fi mil huɗu, babu ɗan sanda, babu mai neman na goro. Hajiya ta runtse ido tana jan carbi har muka sauka. Can muka tarar da dogayen bishiyoyi miƙaƙƙu, ganyensu kamar tsinken tsintsiya.

Na ce, "Giginya ce, sanyi ya ramar da ita."

Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah da tsufanka."

Na gwada kaɗanya, na gwada marke, duk ta kore. Kabiru yana tuƙi yana haɗiye dariya.

Cambridge

Bayan azahar muka tsaya cin abinci a bakin ruwa. Aka shimfiɗa takarda a tebur, aka juye ƙaguwa jajur da yaji, aka miƙa wa kowa ƙaramar gudumar katako.

Kabiru ya ce, "Baba, halal ce fa."

Na ce, "Na sani, aikin ne ya fi naman yawa."

Na yi ta duka kamar maƙeri, abin da na samu bai cika cokali ba. Hajiya ta tsaya ga dafaffiyar masara da soyayyen kifi, ta ce yajin nasu ba laifi, gishiri ne ya yi yawa. Abin da Kabiru ya biya, a kasuwarmu ɗan akuya ne har da igiyarsa.

Ocean City da dawowa

Muka kwana a otal mai kallon teku. Hajiya ta daɗe a taga, sannan ta ce ruwa dai ba inuwa ba ne. Na san na faɗi.

Washegari a hanyar dawowa muka tsaya rumfar wata tsohuwar Baturiya mai sayar da kabewa. Bayan rumfar akwai bishiya mai baƙin ɓawo a tsattsage kamar bayan kada, ganyenta ya zube, 'ya'yanta jajaye. Sunayen ƙaryata saura ɗaya, sai na ce, "Ga kanya." Don in ƙarfafa zancen na tsinko mai tauri na gatsa. Bauri ya ɗaure mini baki, harshena ya koma kamar tsumma. Baturiyar tana dariya, Kabiru yana fassara: wadda ta faɗo da kanta ake ci.

Hajiya ba ta jira fassararsa ba. Ta sunkuya ta tsinci mai laushi a ciyawa, ta ɓare, ta shinshina, ta juya ƙwallon a tafin hannu, sannan ta kai baki.

"Kanya ce," in ji ta. "Kai da ka yi kiwo, yaushe aka fara cin ta ɗanya?"

Ni kuwa har lokacin bakin ba nawa ba ne. Ta cika gefen mayafinta ta ƙulle.

Bayan isha muka iso gida. Ta wanke kanyar ta miƙa wa Rukayya, ta juyo ta tambayi Kabiru inda ake samun gero da kanwa a garin nan, don kunun mai jego ba ya jiran ranar haihuwa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya kuma gaskata ƙaryata ta ƙarshe.