Tambayar Da Na Yi Wa Uban Jariri

Da ana mayar da magana ciki, da na haɗiye wata tambaya da na yi ina matashi, lokacin ina sayar da robobi a Ƙofar Wambai. Karatuna bai yi nisa ba, amma bakina ya fi na kowa kaifi a layinmu.

Maƙwabtan rumfata Kiristoci biyu ne, tela da mai gyaran rediyo, aminan juna, cocinsu daban. Telan yana cewa an haifi kowa da zunubin Adamu, hankali kansa ya lalace, alherin Allah kaɗai ke ceto. Mai rediyon yana cewa rauni hankali ya yi, bai mutu ba, baftisma tana wanke zunubin gado, sannan mutum ya yi nasa ƙoƙarin. Su yi musu, su ci a kwano ɗaya. Ni kuwa na mayar da su abin nishaɗi. In ciniki ya yi sanyi sai in tsokane su, in kira 'yan layi mu sha dariya.

Sai jaririn mai rediyon ya rasu kafin a yi masa baftisma. Ranar da uban ya dawo kasuwa, a gaban jama'a, na tambayi telan ina yaron ya nufa a karatunsu. Ya roƙe ni in bari, ya ce Malam ba yau ba. Na matsa, 'yan layi suka taya ni, har ya ce shi dai ya san babu wanda aka haifa da tsarki. Na juya wajen uban, na tuna masa ba a wanke ɗansa ba, na tambaye shi to ina yaron ya nufa. Ya kalle ni, ya ce hankalinsa bai kai nan ba, ya bar wa jinƙan Allah. Ya kulle rumfarsa. Bai ƙara yi wa telan magana ba, kafin watan ya ƙare ya bar Kano.

Na neme shi har na gaji. Telan ya ce mini gafara kyauta ce, in karɓa in huta. Amma a wurinmu Musulmi haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, ni kuwa ban ma san ko yana raye ba. Na tsufa a Koki, na yi istigfari ba adadi, kullum ina nan inda ya bar ni.

Don Allah, in kun ga mutum da sabon rashi, ku yi masa ta'aziyya, ku bar addininsa ya rarrashe shi.