Gwiwoyin Inna

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, wana ya sami aikin tuƙi a kamfanin da ke zuba kwalta wajen Faskari. Duk zuwan da zai yi gida Mabai, sai ya taho wa mahaifiyarmu, Inna, da sukari ɗan kwali da madarar gwangwani da burodi. Ya hana ta zuwa gona, ya hana ta surfe. Inna ta yi ƙiba, fatarta ta yi sheƙi, maƙwabta suna ta sa masa albarka.

Ni lokacin ina aure a Yankara. Da na zo gida wankan jego, sai na lura Inna ba ta nisa da randa, kuma jim kaɗan ta zaga bayi. In za ta yi sujada gwiwoyinta su yi ƙas, sai ta dafa bango kafin ta miƙe.

Na ce, "Inna, ƙafar nan fa?"

Ta ce, "Sanyin damina ne, ɗiyata. Rana na buɗewa zai sake ni."

Aka yi kaka, bai sake ta ba. Wana ya kai mu asibiti a Funtuwa, ina goye da jaririyata. Aka auna fitsarinta da jininta. Likita ya danna gwiwar da ta kumbura, ya sa allura ya zuƙo wani ruwa rawaya-rawaya, ya duba. Ya ce ciwon suga ne, kuma guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar ya cinye. Sugan da nauyin jiki duk suna ƙara wa abin.

Wana ya sunkuyar da kai. Inna ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Don ka faranta mani ka kawo, ni kuma na sha da daɗi. Ɗago kanka."

Barin shayi mai sukari da likita ya ce ta yi bai dame ta ba, ta koma kan kunun tsamiya da kwaɗon zogale. Abin da ya yi mata nauyi shi ne salla a zaune. Sai da Kawu, yayanta, wanda malami ne, ya zo daga Sabuwa ya ce mata Allah ya san ƙafar da ya ba ta, sannan ta yarda.

Gwiwar ba ta warke ba, amma kumburin ya saɓe. Ta yi shekaru tana shan maganinta, tana dogara sanda. Tsofaffin unguwa kan zo da hantsi su zauna a tabarmarta, kowace ta miƙe ƙafa, suna tsince wake.