Malam Sanusi na Bron, wanda ya koya mana Sifaniyancin banki

Ina fitowa daga aiki a Stains, kusa da Paris, matar Malam Sanusi, Hajiya Mariyama, ta kira ni a salula. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Rabi, sai haƙuri. Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Sanusi mutumin Damagaram ne. Ya yi karatun injiniya a Sifaniya, ya yi aiki can shekaru, sannan ya zauna Bron kusa da Lyon. Na san shi ne a lokacin da hankalina ya fi tashi. Yayana Mutari yana aikin gona a Sifaniya, ɓarin jikinsa ya shanye, na ɗauko shi zuwa Paris. Kuɗin jinyarsa suna shiga bankinsa na can, komai na bankin kuma yana cikin wayarsa da Sifaniyanci. Shi ba ya iya magana, ni kuma ban san ko kalma ɗaya ba. Wata ƙawata ta ba ni lambar Malam.

Na roƙe shi ya karɓi lambar sirrin asusun ya riƙa yi mana komai. Ya ƙi. Ya ce, "Ƴata, wannan amanar yayanki ce. Zan koya miki, ke za ki riƙe."

Kowace Asabar sai ya kira. Da haƙuri ya bi da ni: saldo shi ne abin da ya rage a asusu, transferencia aika kuɗi, contraseña lambar sirri. Sai na maimaita har bakina ya saba. Yakan ce, "Abin da ba ki iya faɗi da Hausa ba, kada ki danna shi."

Wata rana saƙo ya shigo cewa an rufe asusun, in tura lambar sirri nan take. Ga shi maganin Yaya ya kusa ƙarewa. Na kira Malam. Sai ya ce, "Karanta mini a hankali. Me suke nema?" Na ce, "Contraseña." Ya ce, "To, banki ba ya tambayarta. Wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da Sifaniyancinsa ya fi nawa daɗi." Na goge saƙon. Washegari na kira bankin da kaina, na yi magana da yarensu, suka tabbatar mini asusun lafiya lau yake.

Da na je ta'aziyya Bron na tarar ba ni kaɗai ba ce. Ɗalibai masu tafiya karatu Sifaniya, da magidantan da suka baro aiki can, kowa da irin labarinsa. Hajiya ta ce ko a asibiti ya riƙa amsa kiransu har muryarsa ta gaza. Na tabbata aikin nan ba zai tsaya ba, domin mu da ya koyar mun ɗauka.

Allah ya jiƙan Malam Sanusi, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya Mariyama da ƴaƴansu haƙuri, ya raya su cikin albarka. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.