Man Shafawar da Ya Cinye Fatar Hannun Mijina

Lokacin da abin nan ya faru ni amarya ce a wani ƙauyen masunta kusa da Wara, ina ji da mijina kamar me, har Innarsa na tsokanata wai in sauro ya cije shi ni ke yin zazzaɓin. Masunci ne, da hannuwansa muke ci. Sai hannuwan nan suka kama ƙaiƙayi, su yi jawur, su tsage. Muka je asibiti a Yelwa, likita ya ba shi wani man shafawa, ya ce a shafa kaɗan na 'yan kwanaki sannan a dawo.

Wallahi kamar yankan wuƙa. Ba mu koma ba. Ni ke shafa masa in ya dawo daga ruwa, yana ba ni labarin tarwaɗar da ta kuɓuce masa, wadda kullum ƙara girma take yi a bakinsa. Na so zaman nan ƙwarai. Da maganin ya ƙare, na ba mai kai kifi kasuwa kwalin ya sayo mini a kemis. Duk sanda muka bari, ƙaiƙayin ya dawo da ƙarfinsa, sai in ƙara lafta masa. Haka muka ci damina da rani. Fatar ta yi laushi tana sheƙi, ni da wautata har yabawa nake, wai hannun masunci ya koma na ma'aikacin ofis. Sai igiyar tarun kamun kifi ta fara yankarsa, ciwon kuma ba ya warkewa. Ranar da ya dawo da jirgi wayam, hannu naɗe da tsumma, hankalina ya tashi.

Muka koma asibiti. Likita ya ce maganin ba shi da laifi, amma irin mai ƙarfin nan ne da ake kira sitiroyid, daɗewa a kansa na cinye fata, kuma yanzu sai dai a rage a hankali. Na fashe da kuka. Mijina ya ce, "Ke kin shafa, ni na miƙa hannu. Share hawayenki."

Ya yi wata da watanni bai fita kamun kifi ba. Alhamdulillahi ya koma, sai dai da safar hannu ta roba yake jan taru, abokansa na yi masa dariya. 'Yan'uwa mata, in likita ya ce a dawo, a koma, kada a yi ta sayen magani da tsohon kwali. Ni ƙauna ce ta sa ni, amma har yau fatar hannunsa ba ta dawo yadda take ba.