Ranar da Dillali Ya Yi Tallan Ɗansa

Shekara goma sha tara ina koyar da Faransanci a lise, babbar sakandare, amma ban taɓa mantawa da Larabar da aka buɗe bakin ɗalibina a gabanmu ana nuna mana haƙoransa ba.

Ku sababbin malamai, bari in fara da bayani. Idan sakamakon bak, jarrabawar gama lise, ya fito, yaran da ke son makarantun koyon kasuwanci sai sun sake wata jarrabawar shiga, wadda muke kira kwankur. Wata makarantar rubutu kaɗai take nema. Wata kuma bayan rubutu akwai oral: ka zauna gaban mutum uku, ka yi minti biyar kana faɗin ko kai wane ne da abin da ka iya. A Gidan Rumji ni aka ɗora wa shirya yaran, wai don na fi kowa surutu.

A shekarar akwai Sanusi, ɗan farin Alhaji Ɗan Ladi, dillalin tumaki a kara. Yaro ne mai kai, lissafi kamar a nono ya sha shi. Ubansa ya ba shi dama ɗaya tak: kwankur guda, in ya faɗi ya zo ya kama igiya. Ga shi makarantu biyun da suka dace da shi rana ɗaya suka sa jarrabawa, dole a zaɓi ɗaya. Shi mai oral ɗin yake so.

Ranar Talata muka yi gwaji, ni da sansar, wato mataimakin shugaban lise, da Madam Rabi mai koyar da tattalin arziki. Sanusi ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da ina gajiya, ina iyali, ya ruwa. Minti biyu suka tafi. Na ce ya faɗi abin da ya fi iyawa. Ya dubi siminti, ya kira ni Mushe yadda ake kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mushe, ni ban iya komi ba, sai abin da Allah ya nufa."

Sau huɗu muna maimaitawa. A na huɗun raina ya ɓaci, kun dai san halina. Na ce, "Kai, da wannan bakin naka ko ruwa ba za ka sayar wa mai ƙishirwa ba! Je ka cika takardun mai rubutu." Ya ce to, ya fita idonsa jajir.

Washegari sai ga Alhaji da kansa. Shi bai taɓa kiran sunan Sanusi ba, kunyar ɗan fari, sai dai "yaron nan". Ya tambayi abin da ya hana yaron nan cin tuwo jiya. Na yi masa bayanin oral. Ya riƙe baki.

"Mushe, tsaya. Shi da kanshi za ya yabi kanshi? Ba dillali? Ina ka taɓa ganin rago ya yi cinikin kanshi? Anya wagga lakol ta kasuwanci ce?"

Ya ce shi zai tafi ya tsaya masa. Na ce ba a barin kowa ya shiga. Ya ce to mu zauna yadda muka zauna jiya, ya gwada mana yadda ake yi. Sansar, mai neman abin dariya, ya ce bismilla.

Aka kira Sanusi. Alhaji ya cafke shi a ƙeya, ya juya shi hagu, ya juya shi dama, ya bubbuga masa ƙirji, ya buɗe masa baki. "Ku duba haƙori! Ku duba ƙashi! Ba ya tari, ba ya zaɓen abinci!" Madam Rabi ta cusa kai cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Alhaji kuwa ya ɗauki zafi, murya irin ta ranar kasuwa.

"Wanga da kuke gani, tun yana shekara tara shi ke shayar da dabbobi kahin ya tahi lakol, bai taɓa makara ba. Shekarar da ciwo ya kwantar da ni wata biyu, shi ya riƙe tumakin mutane, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Wani Bahillace ya manta tunkiya wurinmu, yaron nan ya kai mishi ita har ruga, a ƙasa, da azumi a bakinshi. Ni dillali ne, aikina ganin aibi. Shekara ashirin ina duba wanga, ban ga..."

Ya saki ƙeyar, ya ce rana ta yi, ya fice ko sallama babu.

Dariya ta ɗauke. Sanusi na tsaye, hawaye har haɓa. Ya ce, "Mushe, wallahi ban san yana lura ba." Kunya ta kama ni, don jiya-jiya na gama yanke wa yaron hukunci.

Na rubuta duk abin da Alhaji ya faɗa, ban da haƙoran. Na ce, "Ba yabon kanka za ka yi ba, shaidar wani za ka isar." Muka mayar da ita Faransanci, ta fara da "Ga abin da mahaifina, dillali, ya ce a kaina." Wannan kam ya iya faɗa, kai a ɗage. Takalmin ne ya ba mu wuya, sai da muka yi mako guda kafin ya yarda ya shiga ɗaki da shi.

Ya je Yamai, ya ci. Da na kai wa Alhaji albishir a kara, bai ko ɗago daga tunkiyar da yake dubawa ba. Ya ce, "To, madalla. Ni dai ban taɓa saida kaya aka maido ba."

Don haka in yaro ya zauna gabanku ya ce bai iya komi ba, kada ku yi garaje irin nawa. Ku tashi ku je gidansu ku tambaya. Yawancin yaranmu suna da abin faɗi, ba wanda ya taɓa faɗa musu ne.