Kunun Gyaɗa Kafin Shari'a

Jiya wajen rabon gidan kakarmu a Garwa, yayyena biyu suka kusa dambe. Tun safe baƙin kofi kawai suka sha. Na ce a ci abinci tukuna, suka ce in rufe musu baki. Takaici ya ishe ni, sai na tuna Kaka.

Ita ba ta sauraron ƙarar mai jin yunwa. Muna yara, ranar da Yaya Babba ya mare ni na kai mata ƙara, kunun gyaɗa mai tsamiya ta miƙo mana, yana tururi.

"Ku shanye tukuna. Yanzu cikinku ke magana, ba ku ba."

Kafin mu ga gindin ƙwarya, zuciya ta sauka.

Allah ya jiƙan ki, Kaka, ya shayar da ke. Mu kuma ya hana mu fasa gidanki da yunwa a ciki.